Ranar da Awaki Suka Lashe Tsuntsayena

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da hantsin da na tsaya gaban iyayen yara a farfajiyar lakwal ba, wato makarantar boko, kaye, littafin rubutuna, a hannu, ina ta zuba wa mutane faɗa, alhali abin kunyata yana can yana aukuwa taku huɗu bayan ƙeyata. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in faro daga tushe, don in na fara da ƙarshen ba wanda zai tausaya mini.

Ni mace ce da ba ta iya riƙe magana a ciki. Duk Madarunfa an san haka, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kai ba. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, ƙarƙashin wata rumfar zana, bayan la'asar, da mu da kajin unguwa. Ranar da baƙaƙe suka fara haɗuwa suna yi mini magana, na zama wata annoba. Buhun taki na karanta, kwalin magani na karanta, bayan amalanke na karanta, har rigar mutum in yana tafe gabana sai na rage sauri na ga abin da aka rubuta masa a gadon baya. (Da yawa ba su san abin da suke yawo da shi ba. Na gaya musu.)

Maigidana, Malam, masassaƙi ne. Alluna yake yi da ƙotocin hauya da muciya, yawanci da icen aduwa, guntayen da suka rage kuwa ni ke tura su murhu. Muna da jika, Nana, ɗiyar ɗanmu na fari, wadda nake kira ƙawata. Da ta cika uku aka sa ta jardan, wato ajin ƙananan da ba su kai shiga aji ɗaya ba. Ajin nan ba komai cikinsa sai tabarmi da gwangwanayen tumatir, don haka malamarsu, Madam Hadiza, ta roƙi iyaye duk mai iya yin abin wasa ya taimaka.

Wanda ya fara amsawa shi ne Sani mai fenti, yaron da ke shafa wa amalanke da ƙofofin shago launi a bakin kasuwa. (Na ce yaro, amma 'ya'yansa huɗu. A gabana aka yanka ragon sunansa, shi ya sa.) Ya ƙera ƙananan kamiyo, motocin ɗaukar kaya, da katakon kwalin kaya, ya shafe su da ragowar fentinsa, kore da ja da ruwan ƙwai, suna ta walƙiya. Gaskiya sun yi kyau. Ya kai guda biyu na gwaji.

Wata rana ƙawata ta dawo gida da ɗaya a hammata, ta zauna gindin turmi tana tsotsar gaban motar kamar ta samu rake. Na ce ta buɗe baki. Sai ga ɓarɓashin koren fenti a harshenta da tsakanin haƙora. Ban ko ɗaura kallabi daidai ba na nufi kasuwa, na ɗauki gwangwanin fentin daga gaban Sani. Rubutun faransanci ne, ni kuwa Hausa na koya, amma akwai hoton wuta da na mataccen kifi, kuma kifi ba ya mutuwa a hoto don nishaɗi. Na wuce da shi gidan likita wurin majo, babban ma'aikacin lafiyarmu. Ya juya gwangwanin, ya ce wannan na ƙarfe ne da ƙofa, ba na bakin yaro ba, wasu irinsa ma har da dalma a ciki, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba a sani ba.

Na koma wa Sani da zafina.

"Kai Sani, ɗiyan mutane za ka ciyar da fentin amalanke?"

"Haba Inna, wa ya ce su ci? Mota ce, turawa ake."

"Ka taɓa ganin abin da ɗan shekara uku ya riƙe bai kai baki ba? Kai kanka takalmin ubanka ka tsotsa, ina kallo."

Masu shaguna suka kwashe da dariya. Shi kuwa ya goge hannu a wando, ya ce, "To Inna, tunda kin yi lakwal, ki yi naki mana mu gani."

Na ce zan yi. Wallahi lokacin da na faɗa ban san ko da mi zan yi ba. Maganar ta kai kunnen Madam, ta yanke cewa ranar taron iyaye kowa ya kawo nasa, iyaye su zaɓi wanda za a zuba a ajin. Abin da ke gabana ke nan: ko kayana su shiga jardan, ko ƙawata da sauran su ci gaba da tsotsar koren Sani.

Ƙarshen damina ne, tabki ya cika har ya kama itatuwa a ƙugu. Na shiga zuwa bakinsa da sassafe, wai neman dabara, amma gaskiya zama kawai nake. A irin wannan lokaci ruwan ba shi da launi ɗaya. Can tsakiya fari ne kamar an shimfiɗa sabon alawayyo, gindin itatuwa kore mai duhu, inda rana ta fara taɓawa kuwa kamar an narkar da man shanu an zuba. Balbelu suna sauka kan rassa ɗaya bayan ɗaya, zalɓe yana tsaye da ƙafa guda kamar mai tunanin wani abu da ya wuce shekara da shekaru, kirinjijiya suna wucewa da fito. Masunta suna tura jiragensu a hankali, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga gora. Sai in tuna 'yar tsanata ta ƙuruciya, ƙashin ƙafar rago ce da aka kitsa wa zare, fara fat, na yi ta goga mata ragowar lallen innata don ta yi ja ba ta yi ba. Ina zaune a nan na fara ganin tabkin nan kaf a kan tabarmar jardan: tsuntsaye da jirage da kifaye, ƙanana daidai tafin hannun yaro, kowane da launinsa, yara suna kwance rub da ciki suna tura su, Madam tana tsallake su a hankali kamar mai ratsa ruwa. Har kukan tsuntsayen nake ji a ajin. Wata safiya na daɗe cikin wannan kallo har wata mai wanki ta taɓa ni ta ce, "Inna, lafiya? Tun ɗazu kike wa ruwa murmushi."

Na je wa Malam da zancen. Ya dube ni ta saman gizagonsa.

"Ni da nake sassaƙa allon karatu, yau tsuntsu za ki sa ni?"

"Na yara ne, Malam."

"Na yara ba laifi. Amma ba zan yi musu ido ba."

"Kar ka yi. Su ma yaran ba kallonsu suke so a yi ba."

Ya yi ta gunaguni, amma hannunsa bai yi ba. Cikin kwanaki guntayen aduwan da nake ƙonawa suka zama balbelu, da zalɓe mai dogon wuya, da gauraka har da tukkunta, da jirage uku, da kifaye masu ƙiba. Ya goge su da yashi da ganye har suka yi santsi kamar kumatun jariri. Saura launi, wannan kuwa nawa ne.

Na kafa wa kaina doka ɗaya, na rubuta ta a shafin farko na kayena da manyan baƙaƙe: abin da ba zan iya sawa a bakina ba, ba zai hau icen ba. Da wannan doka na kori baba, shunin rini, don marinan yanzu suna zuba wani gari da ke saɓule fatar hannu. Na kori lalle, don majo ya ce ba na cikin yaro ba ne. Na koma madafa. Karan dafi, jan kuben dawa da dukawa ke rina fata da shi, in ka jiƙa shi da ɗan ruwan kanwa sai ya saki wani ja mai zurfi kamar sararin yamma kafin magariba. Gangamau, saiwar nan ta kurkum, ya ba ni ruwan ƙwai, amma shi ba ya shiri da kanwa, yana jin ta sai ya ɓata rai ya koma ja. Zoɓo ya ba ni jan da ya karkata wajen shuni. Wata rana kuskure ya sa ɗigon ruwan kanwa ya faɗa cikin zoɓon, ina kallo ya juye a hankali ya zama kore mai duhu, irin na gindin itatuwan tabki sak. Na zauna dirshan a ƙasa ina kallon ƙwaryar kamar an yi mini wahayi. Tuwon ranar ya kama. Na jiƙa ƙaro na zuba a kowane launi don ya manne ya yi sheƙi, tunda ƙaro ma ci muke. Kowace ƙwarya sai da na tsoma yatsa na lasa, na rubuta a kaye: na ɗanɗana, ban mutu ba.

Matsala ɗaya ta taso. Na shafa wa kifi ɗaya, ya bushe, ya yi kyau, amma da na taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu sai launin ya biyo yatsana. A nan ne ilimina na mata ya tashi tsaye. Wace mace ce ba ta san abin da ake wa sabuwar atamfa mai zuba ba? Ruwan gishiri ake jiƙa ta, launi ya zauna. Haka innata ta yi, haka kakata ta yi. Na ce ice da tufa duk bayin Allah ne. Na zuba gishiri a kowace ƙwarya, tafi guda. Na ga kamar bai isa ba na ƙara. Jan karan dafi kuma na lura yana ƙara zurfi in an ƙara kanwa, to ni da nake son jan da za a gani daga bakin ƙofa, kun san abin da na yi. Na shafa, na shanya, na sake shafawa, har sau biyar.

Da suka bushe, wani farin ƙyalli ya fito musu, ƙanana-ƙanana kamar raɓa a kan ganyen wake. In rana ta haska su sai su yi ta wal-wal. Malam ya ɗaga gauraka ya juya ta, ya ce, "Wannan farin da ke fitowa fa?"

Na ce, "Ado ne. Ajiye mini, kar ka ɓata."

Ga ikirarina, kuma ban taɓa yin sa a bainar jama'a ba sai yau: tun da na zuba gishirin ban sake ɗanɗanawa ba, ban kuma sake gwada jiƙaƙƙen hannu ba. Sun yi kyan da ba na son in taɓa su. Na jera su a bayan gado, ina leƙa su kamar mai jego.

Sai na zauna rubuta jawabi. Shafi uku, da alƙalamin bik, kwana shida ina yi. Wannan ne karo na farko da zan yi karatu gaban jama'a, kuma dole ku san yadda karatuna yake. Yatsa nake ɗorawa a kan layi in bi shi a hankali. In na kuskura na ɗaga ido, layin ya suɓuce ke nan kamar tarwaɗa a hannu, sai na koma farkon shafi. Don haka na yi wa kaina alkawari: daga bisimilla har ƙarshe, ko sama za ta faɗo ba zan ɗaga kai ba.

Ranar taro aka jera bencina ƙarƙashin itatuwan bedi, wato dogon yaro. Iyaye maza gefe, mata gefe, direkte, shugaban lakwal, da Madam da majo a kan kujeru. Sani ya jera kamiyonsa a kan tebur suna ta ɗaukar ido. Ni kuwa na shimfiɗa tabarma can baya kusa da darnin kara, na jera tabkina a kai, tsuntsaye a gefe, jirage a tsakiya, kifaye kewaye, na lulluɓe su da sabon mayafina. Nufina sai na gama jawabi in juya in yaye, mutane su ce salati. Na tsaya gaban tabarmar, na ba ta baya, na fuskanci jama'a. Kafin in buɗe kaye na ja kunne:

"Ku ji da kyau. Ba na son kowa ya tashi, ba na son kowa ya matso kusa da kayan nan, ba na son kowa ya katse ni sai na kai aya ta ƙarshe. Wanda ya katse ni, da ni da shi."

Aka yi tsit. An san ni.

Na ɗora yatsa na fara. Shafin farko duk a kan fentin ƙarfe ne, da dalma, da mataccen kifin da ke jikin gwangwani. Muryata tana fita tiryan-tiryan, har ni kaina ina mamaki. Iska tana kaɗa ganyen bedi, inuwa tana yawo a kan takardar kamar ruwa, sai na ji kamar ba ni ke karatun ba, kamar baƙaƙen ne ke ɗauke da ni a jirgi. A zuciyata ina ganin tsuntsayena a bayana ƙarƙashin mayafi suna jira, suna gyara fukafukai, da na yaye za su tashi su zaga farfajiyar.

A tsakiyar shafi na biyu na fara jin ƙus-ƙus. Na ce a raina maganar ce ta shige su. Sai wata mata ta yi wani sauti kamar ta shaƙe da fura.

Madam ta ce a hankali, "Inna..."

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Madam, kullum ke ke magana a ajinki. Yau nawa ne."

Na ci gaba. Malam, da ke zaune a bencin gaba, ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Ya yi na uku har da buga sanda a ƙasa.

Na ce, "Malam, in tari ne ga majo nan kusa da kai."

Dariya ta ɓarke, na ɗauka tawa ce, har na ji daɗi. Ta gefen ido na hango hannun Sani a sama, ya ɗaga yatsa kamar ɗan aji ɗaya.

"Inna, don girman Allah, ki..."

"Kai kam rufe mini baki. Kishi ne ke cin ka, kuma ban ma zo kanka ba tukuna."

Ya sauke hannu ya ce, "To. Na dai faɗa."

A bayana ina jin wani ɗan motsi, kamar ana jan tsumma, da wani laƙwam-laƙwam. Na ce iska ce. Na shiga shafi na uku, inda na ajiye kalmomin da na fi ji da su. Na ɗaga murya na karanta: "Launin da na kawo muku daga madafa ya fito. Ba ya zuba, ba ya fita, ko a lashe shi daga safe har yamma yana nan daram."

Jama'a, ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Wani tsoho ya zame daga benci. Direkte ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Na kai aya ta ƙarshe a fusace, na rufe kaye, na juya da hannu a miƙe kamar mai gabatar da amarya, na ce, "Ga su!"

Awakin gardiye ne, mai gadin lakwal, jajayen nan namu na Maradi, su biyar, sun shigo ta ɓular darni. Uwar garken tana tsaye a tsakiyar tabarmata, rabin mayafina a bakinta. Gemunta ya zama ruwan ƙwai. Wata leɓunanta kore ne shar, wata kuma hancinta har goshi ja ne a kan ja, kamar ta yi kwalliyar biki. Wata 'yar ƙarama ta danne jirgi da ƙafa tana lasar cikinsa, ido a lumshe, irin lumshewar wanda ya samu abin da ya daɗe yana mafarki. Tsuntsayena kuwa suna warwatse, fari tas kamar ɓararren rogo, suna sheƙin yawu. Gauraka ba tukku. Zalɓe ba wuya.

Ni da na yi kiwo tun ina yarinya. Ni da nake saya wa tumakina kanwa da hannuna, na san akuya za ta ratsa gari don ta lashi bangon da aka jingina buhun gishiri. Na ɗauki gishiri da kanwa da ƙaro na shafe ice sau biyar, na kai shi gindin darni na ajiye, sannan na hana kowa motsi.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, na ɗan lokaci kaɗan, kafin kunyar ta iso, abin ya ba ni sha'awa. Rana tana ratsowa ta ganye tana sauka a kan gemun nan mai ruwan ƙwai da leɓen nan kore, duk launukan tabkina suna tsaye da ƙafafu huɗu suna kallona. Sai uwar garken ta yi kuka, mayafina ya faɗo daga bakinta, na farka.

Na bi su da kaye. (Shafi uku na ilimi, ƙarshensa dukan akuya.) Suka watse, ƙaramar ta tsere da kifi a baki, na bi ta har bayan aji, kallabina ya kama reshe ya tsaya can. Da na dawo, gardiye, wani dattijo da ba ya son hayaniya, yana riƙe da hannun majo yana cewa, "Majo, dubi bakinsu! Mutuwa za su yi? Wallahi ta gaban nan ciki gare ta."

Na ce da sauran ƙarfin da ya rage mini, "Ba abin da zai same su! Duk abinci ne!"

Majo ya matso kusa da tabarmar. Ya duƙa ya zaro wata balbela da ta tsira a ƙarƙashin naɗin tabarma, ya kai ta bakinsa ya ɗan taɓa da harshe. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Ya juya ya tofar.

"Inna, mi kika sa a nan?"

"Gishiri. Da 'yar kanwa."

"'Yar?"

Na yi shiru. Rabon da in yi shiru a taro har na manta.

Ya yi magana a hankali, ba da wulaƙanci ba, wanda ya fi zafi. Ya ce awaki za su sha ruwa su warware. Amma ɗan shekara uku in ya wuni yana tsotsar wannan, leɓensa zai tsage, cikinsa zai ɓaci, gishiri mai yawa haka ba na ƙaramin jiki ba ne. Ya nuna mini yatsunsa, sun yi ja. Ya ce, "Ba dafi ba ne irin na gwangwani, amma ba zan ce a ba yara ba." Iyaye suka yi shawara a taƙaice: ba na Sani, ba nawa. Yara su ci gaba da gwangwanayen tumatir. Na naɗe tabarmata da fararen gawarwakin a ciki, na bi ta bayan gari na koma gida. Abin da ya fi ci mini rai, ƙawata ta tare ni a zaure tana tambaya ina tsuntsunta.

Kwana huɗu ban leƙa waje ba. Na ji Malam yana ta sassaƙa, da na duba sabon wuya yake wa zalɓe. Rana ta biyar aka yi sallama, sai ga Sani da wani abu ƙunshe a leda.

"Inna, na zo gaisuwar awaki. An ce duk sun tashi lafiya, har suna tambayar yaushe za ki sake jawabi."

"In iskanci ya kawo ka, ƙofar da ka shigo tana nan."

Ya zauna abinsa a kan turmi ya kwance ledar. Kakin zuma ne, dunƙule guda, ya ce daga wajen masu zuma na Gabi ya samo. Ya ce, "Ke kin san abin da ke shiga ciki, ni na san abin da ke zama a kan ice. Ice ba zane ba ne, gishiri ba ya riƙe masa komai. Launi kowane iri ne sai an rufe shi. Ki bar ƙaron nan, shi ke kwasowa. Ki sa launin da ruwa-ruwa icen ya sha, ki ɗauraye, ya bushe, sannan ki narka wannan da man kaɗe ki murza har ya daina kama hannu." Ya ɗan sosa ƙeya. "Ni ma autana na gani jiya yana gatsar tayar kamiyo. Na kwashe su duka na kankare."

Na so in ce na riga na sani. Bakina har ya buɗe. Na rufe shi na ɗauko kaye na ce ya maimaita a hankali.

Haka na yi. Ba gishiri ko ƙwaya, kanwa ɗan abin da zai sa karan dafi ya saki, shi ma a wanke shi sarai. Launin bai fito da ƙarfi kamar na farko ba, ya yi sanyi, ana ganin jijiyar icen ta ciki, ga ƙamshin zuma kaɗan-kaɗan. Wannan karon na gwada kamar mai hankali. Na goga da jiƙaƙƙen farin ƙyalle, ya fito fari. Na zauna a tsakar gida, tsohuwa da ni, na tsotsi kan balbela har Malam ya idar da alwala ya dawo ya same ni a haka. Na kai wa majo ya lasa ya gyaɗa kai. Daga nan na wuce gidan gardiye na miƙa wa uwar garken kifi guda. Ta sansana, ta dube ni kamar na ci amanarta, ta juya ta tafi. Ban taɓa jin daɗin raini irin na ranar ba.

Madam ta karɓa ba tare da an sake kiran taro ba (ina jin tsoron jawabi take). Sani ya kawo kamiyonsa tsirara na shafa musu nawa, suka shiga tare da tsuntsayen. In kaki ya sha hannu ya dushe, sai a kawo mini in sake murzawa. Ƙawata ta zaɓi zalɓe, kuma kamar yadda na faɗa tun farko, baki ta fara kai shi.

Darasin da na samu bai da tsawo. Duk abin da ka ce mutane su ba 'ya'yansu, ka lashe shi da kanka bayan ka gama, ba kafin ka gama ba. In kuma kana tsaye gaban jama'a, mutum uku suka nemi tsayar da kai ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba ka shiri da shi, to ba duka ne 'yan hassada ba, waiwaya. Yanzu in ina karatu a taro nakan ɗaga kai ƙarshen kowane layi, ko da zan ɓata in koma farko. Mutane suna cewa na yi laushi. Ba laushi ba ne, darni nake dubawa.